Sun Gama Aji Shida, Ba Su Iya Karanta Wasiƙa Ba

Duk lokacin da aka zauna maganar ilimi a Arewa, lissafi ɗaya ake fara jawowa: yara nawa ne ba sa zuwa makaranta. Shekara da shekaru hukumar UNICEF tana cewa miliyan 10.5 ne a faɗin Najeriya, a 2022 kuma UNESCO ta ce sun kai wajen miliyan 20, kuma kowa ya san galibinsu a jihohinmu suke. Daga nan sai a shiga ja-in-ja, gwamnati ta ce an zuzuta, masu suka su ce an ma rage. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta waɗanda suke cikin ajin. Yaron da ya shekara shida yana sa kayan makaranta, yana sharar fili, yana faretin safe, har ya karɓi takardar shaidar gama firamare, in ka miƙa masa wasiƙar Hausa mai layi biyar, zai karanta maka?

A wurare da dama ba zai iya ba. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A nan gida, gwajin karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato tsakanin 2011 da 2013, da Hausa fa, harshen da suke magana da shi a gida, ya nuna mafi yawansu ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa. Waɗannan yara suna cikin rajista, an ƙirga su cikin masu zuwa makaranta, an yi kasafi da sunansu. Ni a ganina su ne babbar matsalar, domin wanda ke yawo a titi kowa yana ganin sa, shi kuwa wanda ke zaune a aji bai iya karatu ba babu mai neman sa, sai ranar da ya girma aka miƙa masa takarda ya ce ya manta tabaransa a gida.

Kafin a yi nisa akwai gyaran da ya kamata a yi, don kada a ɗora wa mutane abin da ba nasu ba. Ƙasar Hausa ba baƙuwar alƙalami ba ce. Ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bature ana rubutu a Kano da Katsina, da Larabci, daga baya kuma da ajami. Alƙalai suna rubuta hukunci, sarakuna suna aika wa juna wasiƙu, malamai suna rubuta waƙoƙin wa'azi. Turawan mulkin mallaka da kansu sun ƙiyasta makarantun allo sama da 20,000 a Arewa a farkon mulkinsu. Har gobe akwai alaramman da zai rubuta Alƙur'ani da ka, shafi bayan shafi, amma in an zo cike takardar ƙidaya sai a sa shi a layin waɗanda ba su yi karatu ba. Wannan zalunci ne a lissafi. Kuma lokacin da aka cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50 a 2007, an rage wa irin waɗannan mutane ɗaya daga cikin 'yan wuraren da hukuma take yi musu magana da rubutun da suka sani.

Sai dai bai kamata mu fake da wannan ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi makarantar allo suna iya biya karatun Alƙur'ani, amma in ka rubuta musu magana da ajami ba za su iya karantawa su gane ba, balle su rubuta tasu. Kuma ko sun iya, takardar asibiti da ta banki da ta kotu da saƙon waya duk da boko suke zuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 53 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 ne suka iya karatu, maza kuwa kashi 72. A Arewa maso Yamma matan da suka iya ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A Jamhuriyar Nijar manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. A duniya baki ɗaya UNESCO tana lissafa manya sama da miliyan 700 da ba su iya ba, kusan kashi biyu cikin uku mata ne.

A zamanin kakanninmu mutum yana iya rayuwa cikin mutunci bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ciniki da baki ake yi, shaidu su ne takarda, iyakar gona kowa a gari ya san ta, in wasiƙa ta kama a je wajen malamin unguwa ko mai rubutu a bakin gidan waya, sau ɗaya ko biyu a shekara. Falke yana riƙe lissafin bashin mutum hamsin a kansa ba ya kuskure, kuma har yanzu akwai irinsu a kasuwannin Kwari da Dawanau, wanda ya raina kaifin basirarsu bai san su ba ne. Abin da ya canza shi ne duniyar da suke ciki. A 2014 aka kawo lambar tantance masu asusun banki ta BVN, a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a farkon 2023 canjin kuɗi ya sa tsabar naira ta ɓace, mai tumatir da mai ƙosai suka koma karɓar taransifa ko sun so ko ba su so ba. Cikin shekara goma rubutu ya shigo har cikin aljihun wanda bai taɓa neman sa ba.

Tsaya minti goma a gefen mai POS ranar kasuwa ka gani. Dattijuwa ta kunce bakin zane, ta ciro kati a naɗe cikin leda ta miƙa. "Ɗana, duba mini ko yaron nan ya turo." Ya ce, "To Iya, faɗo lambar." Ta faɗa da ƙarfi, mutum biyar na tsaye suna ji. Wata ma ba ta riƙe lambar ba, an rubuta mata a 'yar takarda an manna a bayan katin. Ya latsa ya ce dubu goma ce ta shigo. Ko goma ce ko sha biyar, ba ta da hanyar sani. Saƙon banki yana nan cikin wayarta, amma shi ma sai ta nemi mai karanta mata. Galibin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, suna taimakon jama'a, amma ya isa a ce ɗaya cikin ashirin ba shi da tsoron Allah. Haka 'yan damfara masu kira su ce daga banki suke, za a rufe asusu in ba a karanto musu lambar da aka turo ba. Saƙon da lambar take ciki yakan zo da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma gargaɗin a rubuce yake, kuma da Turanci.

Abin da ya fi asarar kuɗi ciwo shi ne asarar rufin asiri, abin nan da Bahaushe yake roƙa a kowace addu'a. Wanda bai iya karatu ba, asirinsa a hannun wasu yake. Sakamakon gwajin jini sai wani ya karanta masa, ya san cutarsa kafin shi. Saƙon da ɗa ya turo daga Legas yana neman a rufa masa asiri, ɗan makwabta ne zai fara gani. Mace a miƙo mata takarda daga hannun miji, ta san ta saki ce, amma saki nawa ne, sai ta ɗauka ta kai wa wani ya duba, ta tsaya tana kallon fuskarsa tana jiran hukuncin rayuwarta. Magidanci ya dangwala yatsa a takardar da aka ce masa ta jinginar gona ce, bayan shekara uku a kotu a karanta masa ashe ta sayarwa ce. Saƙon murya na WhatsApp ya rage wani abu, gaskiya ne, mutane da yawa yanzu suna gudanar da harkokinsu da shi, har suna gane sunayen mutane a waya ta hoto ko ta lambobin ƙarshe. Amma banki da asibiti da kotu ba sa aiko saƙon murya.

A fannin lafiya kuwa maganar ta kai ga rai. Tun 1979 masanin nan John Caldwell ya nuna, da alƙaluman da aka tattara a yankin Ibadan, cewa karatun uwa yana cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan ko ɗanta zai rayu ko ba zai rayu ba, ko da an daidaita sauran abubuwa kamar aikin uba da wurin zama. Binciken da aka yi ta yi a ƙasashe daban-daban bayan haka bai rushe wannan ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a kemis ɗin ƙauye. Ana zana wa uwa layi uku a jikin kwali don ta san sau uku za ta ba da sirof, amma ba a zana mata cokali nawa ba, ko kwana nawa, ko ranar da maganin zai lalace. Katin rigakafi yana ɗauke da ranar komawa, ita kuwa sai dai ta riƙe a ka. A gona ma haka. Maganin feshi da na kashe ciyawa sun cika kasuwanninmu, bayanin yadda ake gauraya su da kwanakin da za a jira kafin a girbe duk a jikin galan yake da ƙananan haruffa. Manomi yana auna shi da murfin kwalba bisa abin da maƙwabcinsa ya gaya masa, ya zuba na ajiyar wake fiye da ƙima, galan ɗin kuma in ya ƙare a ɗauraye a zuba ruwan sha.

A siyasa ana yawan cewa rashin karatu ne yake sa a sayi ƙuri'ar talaka. Wannan ban yarda da shi gaba ɗaya ba, yunwa ce take sa a sayar da ƙuri'a, kuma masu digiri ma suna sayar da tasu, farashin ne ya bambanta. Haka batun jita-jita. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha, masu karatu ne suka fi yaɗa saƙon ta waya. Bambancin dai shi ne mai karatu yana da hanyar da zai bi ya duba wata majiya in ya ga dama, wanda bai iya ba kuwa abin da ya shigo kunnensa shi ke nan. Akwai kuma asarar da ake iya ƙirgawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, da takardar ƙuri'a ta ɗauki jam'iyyu 73, ƙuri'un da suka lalace sun haura miliyan 1.2. Ba duka rashin karatu ya lalata su ba, amma duk wanda ya ga tsohuwa tana laluben tambari cikin wannan doguwar takarda ya san yana da kaso.

To daga ina abin ya samo asali? Tarihi yana da nasa. Mishan sun buɗe makarantu a Badagry da Abeokuta tun shekarun 1840, a Arewa kuwa sai 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano, kuma Turawa ba su yi niyyar ilmantar da kowa ba, 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan da za su riƙe musu ofis suke nema. Iyaye kuma suna da dalilinsu na gudun makarantar da wanda ya ci su da yaƙi ya kawo. A 1955 Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta, tazarar ta ƙara faɗi. Duk wannan gaskiya ne, amma an fi shekara sittin da samun 'yanci, kuma yaron da yake aji uku yau ba Bature ne ya hana shi iya karatu ba.

Talauci ma gaskiya ne. Ana cewa makaranta kyauta ce, amma akwai kuɗin kayan makaranta, da na littafin rubutu, da na ƙungiyar iyaye da malamai, da na jarrabawa, ga kuma abin da gida zai rasa in yarinya ta bar talla ko yaro ya bar kiwo. Sai dai akwai abin da masu wa'azin "ku sa 'ya'yanku a makaranta" ba sa son ji. Uban da ya ƙi kai ɗansa sau da yawa lissafi ya yi, kuma lissafinsa ba na wauta ba ne. Zai ce maka, na sa babban ya yi shekara shida, ya fito ko saƙon waya ba ya iya karanta mini, noman ma ya sangarce, to ƙanensa me zai je yi? Makarantar da ba ta koyarwa ita da kanta take korar yara, kuma ita take cika titi da waɗanda ake ƙirgawa a matsayin marasa zuwa makaranta.

Leƙa aji biyu a makarantar gwamnati a bayan gari. Yara sun fi ɗari, rabi a ƙasa, babu mai littafin karatu a hannu. Malama ta rubuta jimlar Turanci a allo, ta nuna da sanda ta karanta, yara su amsa da murya ɗaya, ta sake, su sake. In kana waje sai ka rantse karatu ake yi. Kira ɗaya daga layin baya, ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar jimlar ka ce wace ce wannan. Zai koma farkon jimlar ya rero ta duka kamar waƙa, domin sautin ya haddace, haruffan kuwa zane ne kawai a wurinsa. Babu wanda ya taɓa zama da shi ya nuna masa cewa wannan baƙin da wannan wasalin in sun haɗu ga abin da suke bayarwa. Ƙarshen shekara a ciyar da shi aji uku, daga nan aji huɗu, inda manhaja ta ɗauka ya riga ya iya karatu, sai a shiga koya masa kimiyya da zamantakewa daga rubutun da ba ya iya gani. Daga wannan lokaci kullum ƙara nisa ake yi masa.

Abin da yake ba ni takaici shi ne a unguwa ɗaya, wani lokaci ma yaro ɗaya, yana zuwa makarantar allo inda ake bin hanyar da ta fi wannan ma'ana. A can da babbaƙu ake farawa, harafi bayan harafi, sai an san su sannan a shiga farfaru a koyi wasulla. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke allo sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya an ji. Makarantar allo tana da nata matsalolin, masu yawa ma, amma wannan ƙa'ida ta cewa ba a wuce wuri sai an iya shi, ita ce makarantar boko ta yar. Masana koyar da karatu a ƙasashen duniya sun dawo kan wannan hanya, a fara da sautin haruffa, a gwada kowane yaro shi kaɗai, a haɗa yara bisa abin da suka iya ba bisa shekarunsu ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wannan tsari, an kuma gwada shi a Borno da Kano.

Malaman fa? A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. An yi ta muhawara a kan korarsu, amma ba a tsaya sosai a kan yadda aka yi suka shiga aji ba. Da yawansu irin waɗancan yaran na layin baya ne da suka girma, suka ratsa sakandare da kwalejin ilimi da satar amsa, sannan wani ɗan siyasa ya ba da sunansu a kason ɗaukar aiki. Tun shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, da yara suka yi ambaliya aka ɗebi malamai cikin gaggawa, aikin koyarwa ya fara zama wurin da ake zuwa in an rasa wani. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, waɗanda duk da gazawarsu suna koya wa mutum yadda ake tsayawa gaban yara ƙanana. Malamin kirki ma, kuma suna nan da yawa, me zai yi da yara ɗari da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata? Kuɗi kuwa ba a ce babu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara bayan shekara biliyoyin naira suna kwance jihohi ba su je sun ɗauka ba. Wanda aka ɗauka ma ya fi tafiya a gini da katanga da fenti, domin su ake gani a hoto, su ne kuma suke da kwangila.

Sai babbar magana, wato harshe. Yaro ɗan shekara shida a Gumel ko Illela ya zo makaranta da Hausa cike da bakinsa, yana da dubban kalmomi, yana iya ba da labari, yana iya gardama. Rubutun Hausa na boko kuwa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wanda ya san baƙaƙe da wasulla biyar ya kama hanya, cikin 'yan watanni zai fara haɗa kalmomi da kansa. Maimakon a bi ta nan, sai a haɗa masa aiki biyu a lokaci ɗaya: ya koyi yadda ake karatu, kuma ya koye shi cikin harshen da bai taɓa ji ba, harshen da rubutunsa da furucinsa suka yi hannun riga, daga bakin malamin da shi ma bai mallake shi ba. Sakamakon shi ne ba Hausar ba Turancin. A Nijar ma haka yara suka daɗe suna fama da Faransanci tun daga ajin farko, ko da yake a 2025 hukumomin ƙasar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ba yau aka san maganin wannan ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ile-Ife, aka koyar da wasu yara komai da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin a azuzuwan farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida. A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe, bisa hujjar cewa ɗalibai suna faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka rungumi harshen gida. Ina ganin an yanke hukunci a kan abin da ba a taɓa aiwatarwa da gaske ba. Abin da ake yi a azuzuwanmu ba koyarwa da Hausa ba ne. Littafin na Turanci ne, rubutun allo na Turanci ne, jarrabawa ta Turanci ce, malami ne kawai yake fassarawa da baki in ya ga an yi shiru. Inda aka gwada abin yadda ya kamata, da littafi a hannun kowane yaro da horon malami, kamar shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara, an ga yara sun fara karatu. Iyaye da yawa su ma Turancin suke so, kuma suna da gaskiya, shi ne harshen jarrabawa da aiki. Abin da ba a bayyana musu ba shi ne yaron da ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama Turancin, domin dabarar haɗa harafi da sauti sau ɗaya ake koyon ta.

A kan duk wannan rashin tsaro ya zo ya zauna. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Sau da yawa bayan irin wannan satar ɗalibai ana rufe makarantu a jiha guda ko fiye, kuma yarinyar da aka mayar gida tana shekara goma sha uku da wuya ta koma, aure ne yake biyo baya. Ba za ka zargi uban da ya ce gara tana gabansa ba. Almajirai kuwa an gina musu makarantun tsangaya na zamani sama da 150 a zamanin Shugaba Jonathan, da yawa suka lalace saboda jihohi ba su riƙe su ba, a 2023 kuma aka kafa musu hukuma ta musamman. Matuƙar ba a zauna da alarammomi a matsayin abokan aiki ba, aka shigar da karatu da lissafi cikin tsangayar da yaran suke, gini dabam ba zai jawo su ba.

Mun taɓa yin abin kirki a wannan fage, kuma yana da kyau a tuna yadda aka yi. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, da Hausa da sauran harsunan yankin. Waɗanda suka tsara shi sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai manta, don haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954 tana buga ƙananan littattafai masu araha, larduna kuma kowanne da jaridarsa, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo da take fitowa tun 1939. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya kai har UNESCO ta karrama ta, aka kuma riƙa buga jaridar Alfijir da ajami. Bayan 'yan shekaru sai ga littattafan soyayya sun cika kasuwar Kano, yawancinsu mata suke rubutawa, mata suke karantawa. An zage su, an ce suna ɓata tarbiyya, amma mata nawa ne suka dage suka koyi haɗa baƙi don kawai su daina jiran wata ta karanta musu? Ana ba da hayarsu, suna zagaya gida-gida har bangonsu ya yage. Babu wani shirin gwamnati da ya sa matan aure karatu don son ransu kamar yadda waɗannan littattafai suka yi.

Manyan da makaranta ta riga ta wuce su, su ne aka fi mantawa da su a yanzu, alhali su ne iyayen yaran da ake magana a kai, kuma uwar da ta iya karatu ita ce take fara gane cewa ɗanta bai iya ba. Hanyar kai wa gare su kuwa tana nan a buɗe. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, tana tura jagororinsu mata, waɗanda ake kira jaji, ƙauyuka suna koyar da mata a inda suke. Gadon wannan shi ne Islamiyyun matan aure da suke kusan kowace unguwa a yau, da safe ko da dare, cike da mata masu zuwa da kansu, da yardar mazajensu, ba tare da an raba musu ko sisi ba. Suna da wurin zama, suna da malamai, suna da ɗalibai masu ƙishirwa. Ƙara rabin awa na karatu da rubutun Hausa da ɗan lissafi a irin waɗannan wurare ba ya bukatar sabon gini, kuma abin karantawa na farko yana hannunsu, wato saƙonnin da suke cikin wayoyinsu. Wasu makarantun sun fara da kansu. Abin da ya rage shi ne hukumomin ilimin manya na jihohi su je su same su a can, da littafin baƙi da wasali ga kowace ɗaliba, da alawus ɗin malama da za a riƙa biya a kan lokaci.